Muryar da Na Haɗa wa Kwamfutar Baba

Kwamfutar mahaifina irin mai ƙaton akwatin nan ce da ake turawa ƙarƙashin tebur. Fara ce a da, amma a lokacin da nake ba da labari ta koma launin kunun gyaɗa. Ya saye ta ne a gwanjo shekarar da ya ajiye aikin akawu, ya kawo ta zauren gidanmu a wani ƙauye ta wajen Lajawa, ya haɗa mata firinta da batir biyu da farantin sola guda a kan rufi. Tun daga ranar zauren ya zama ofis. Mai neman aiki, mai koke kan iyakar gona, mai son a canja wa ɗansa makaranta, duk wanda yake buƙatar takarda da Turanci wurin Malam Akawu yake zuwa. Akwai dogon benci a jikin bango na masu jiran layi. Ba don abin duniya yake yi ba. Abin da yake so shi ne tun da hantsi a yi sallama, a cire takalmi, a zauna, a ce, "Malam, ga abin da ke tafe da ni."

Ni ne ɗansa na fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba, kuma hirarmu ba ta taɓa yin tsawo ba. A Wudil nake aiki, ina kula da ɗakin kwamfuta na wata makaranta, ina zaune ni kaɗai a ɗakin haya a bayan wani shagon tela. Ni na saka wa kwamfutar tasa manhajar da take tafiya da ita shekarun baya, irin ta kyauta wadda ba ta da nauyi, tun daga nan kuma bai sake nemana a kanta ba.

Wata Asabar cikin bazara na je gida. Bayan azahar, da mutane suka watse, sai ya ce, "Kai, tura ƙofar nan."

Na tura. Ya buɗe durowa ya miƙo mini wata takarda. Layi huɗu na farko lafiya lau, Turancin tsofaffin akawu mai tsafta. Na biyar kuwa ba Turanci ba ne, ba Hausa ba, haruffa ne kawai birjik. Duk wanda ya koyi bugun tafireta ya san abin. Yatsu ne suka zame gida ɗaya, mai bugun bai lura ba ya ci gaba.

"Na ce wa mai ita firinta ce ta yi gardama," in ji shi. "Ba firinta ba ce. Ba na ganin sikirin."

Ya yi mini bayani a taƙaice, yana kallon bango. Likita a Kano ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi, saura sai a lallaɓa. Yana ganin haske, yana gane mutum da tsayuwarsa da muryarsa. Takardar hannu yana iya karanta ta a tsakar rana da gilashin ƙara girman rubutu, harafi bayan harafi, shi ya sa kwanakin nan yake cewa mutane su bar takarda su dawo gobe. Bugu kuwa yatsunsa sun haddace. Duba abin da ya buga ne ya gagara.

"Innarka ta san ina ɗiga magani, ba ta san iyakar abin ba," ya ce. "Ba na so kowa ya sani. Ranar da aka sani, ranar zauren nan zai koma wurin duba mara lafiya. Na ji an ce kwamfuta tana iya karanta wa mutum abin da ya buga."

"Tana iyawa, Baba. Amma da sabuwa aka samo, da ya fi sauƙi."

"Sabuwa ta zo, a ce me ya sami tsohuwar? Kuma yatsuna wannan suka sani."

Na ce ya ba ni mako ɗaya. Ina da wannan hali na saurin cika baki, ban kuma rabu da shi ba har yau. A raina kuwa daɗi nake ji, ko da yake labarin ba na daɗi ba ne, domin karo na farko ke nan da ya nemi wani abu a hannuna wanda ba wani mai iya yi masa.

Manhaja iri biyu take zuwa. Akwai wadda aka gama haɗawa, ka ɗauko ka saka kawai. Akwai kuma ɗanyen rubutunta, yadda masu ita suka rubuta, wanda sai ka ba wani inji na cikin kwamfuta ya harhaɗa shi ya mayar da shi abin da na'ura take ganewa. Mu a bakin aiki kompailin muke cewa. Na nemi haɗaɗɗiyar manhajar murya wadda za ta hau kwamfutar Baba, na tarar an daina yi wa irinta tun tuni. Ɗanyen rubutun dai yana nan, kowa na iya ɗauka.

Na fara gwada harhaɗawa a kan kwamfutar tasa. Ta yi ta gurnani awa biyu da wani abu, fankarta tana kuka, sai batir ya ƙare, komai ya rushe. Ga shi kuma duk tsawon lokacin ba ta bugun takardar kowa, mutane suna tambaya lafiya. Na gane ba a zauren za a yi wannan aiki ba. Sai dai in haɗa a Wudil a kan laftof ɗina, in naɗe komai cikin ƙunshi ɗaya, in saka a filashi in kawo.

Haka na shiga zarya. Da an tashi daga aiki, kowa ya kama gabansa, sai in kulle kaina a ɗakin kwamfutar in zauna. Manhajar muryar ba ita kaɗai take tafe ba. Ka nemi ka haɗa ta, ta ce sai an kawo wata da take jingina da ita. Ka kawo waccan, ita ma ta ce sai an kawo tata. Na cika bayan wata tsohuwar takardar jarrabawa da sunayensu da kibiyoyi, wace ce ke gaba, wace ce ke binta. In ka ba da umarni, rubutu ya fara gudu a sikirin, ba abin da za ka yi sai jira. Wani lokaci minti ashirin, wani lokaci awa guda, sannan ya tsaya a kan kuskure ɗaya, ka gyara, ka koma farko.

A laftof ɗina muryar ta yi magana tun a mako na biyu. Na hau babur da ƙarfin gwiwa. Na jira zaure ya watse, na saka filashi, sai kwamfutar Baba ta ce ba ta san wani guntun manhaja ba wanda muryar take buƙata. A laftof ɗina yana nan tun fil azal, shi ya sa ban ma san ana neman sa ba. A ƙauyenmu kuwa ba ka samun sabis ɗin da zai sauko maka da komai, ko ka hau katanga.

"Ya yi?" in ji Baba.

"Saura kaɗan."

"To. Allah ya taimaka."

Asabar ta gaba na kawo guntun, ta nemi wani. Ta gaba kuma komai ya shiga daram, na danna, ta yi kamar za ta fara, sai ta rubuta layi ɗaya, wai an ba ta umarnin da ba ta sani ba. Na san tsohuwar ƙira ce, na kuma gaya wa injin harhaɗawa haka. Abin da ban sani ba shi ne ko a cikin tsofaffi akwai na gaba da wani. Injin ya yi amfani da wasu dabarun lissafi da ƙwaƙwalwar laftof ɗina take yi ido rufe, ita kuwa ta Baba an ƙera ta tun kafin a ƙirƙiro su. Ranar ban iya cin tuwon Inna ba, na ce mata zafi ne.

Abin da ya fi damuna ba wahalar ba ce, rashin wanda zan gaya wa ne. Abokan aikina mutanen kirki ne, amma a wurinsu aikina biyu ne, zaro takarda in ta maƙale a firinta, da dawo da hotunan da suka goge a waya. Wata rana ɗaya daga cikinsu ya leƙo ya ga rubutu yana gudu, ya ce, "Injiniya, wannan duk kai kake karantawa?" Kafin in buɗe baki ya tafi. Ko da ya tsaya ma, me zan ce? Ba ni da ikon faɗin don wa nake yi, balle don me. Na rubuta tambaya a wani dandali na intanet inda masu irin wannan aiki suke haɗuwa, sai da na gyara Turancina sau uku kafin in tura. Kwana goma sha biyu shiru. Sannan wani ya amsa da layi ɗaya, wai in jefar da tsohuwar in sayi sabuwa. Ban san shi ba, ban san ƙasarsu ba, amma na yini ina jin haushinsa.

Ranar Juma'a ta fi kowace nauyi. Gari ya cika maƙil da 'yan kasuwa, motocin shanu sun tare hanya tun daga gada, ana saukowa daga masallaci kowa da abokin tafiyarsa. Ni kuwa sai in ratsa ta cikinsu in koma ɗakin da babu kowa sai kujeru arba'in da kwamfutoci a lulluɓe. Hayaniyar kasuwa tana shigowa ta taga, ni ina zaune ina kallon rubutu. Na yi kaɗaici sosai a watannin nan, irin wanda mutum yake yi a tsakiyar jama'a.

Telan da nake zaune a bayan shagonsa shi ya warware mini, bai ma san ya yi ba. Wata la'asar ina kan bencinsa ina ɓare gyaɗa, sai ga wata mata da yadi da wata tsohuwar riga a leda. Ta mijinta ce, yana aiki a kudu, tana so a ɗinka masa sabuwa a aika masa. Tela ya shimfiɗa tsohuwar a kan tebur, ya ɗora awo, ya fara zana alli a jikin yadin.

Na ce, "Ba sai ya zo ka auna shi ba?"

Ya ce, "Ya zo ya yi me? Ga shi nan a kan tebur."

Na bar gyaɗar a nan na tashi. Duk makonnin nan a jikina nake gwada rigar wani.

Asabar ɗin na je da babban faifan ajiya, na ce wa Baba zan kwafi cikin kwamfutarsa gaba ɗaya, da tsofaffin manhajojinta da nata injin harhaɗawa, in tafi da su.

"Har da takardun mutane?"

"A'a, Baba. Su ba na buƙatar su."

"Kada ko ɗaya ta bar zauren nan. Asirin mutane ne. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

Na ce na ji. Na bar takardun na kwashe sauran.

A Wudil na ware wani sashe a cikin laftof ɗina na zuba kwafin, na kuma sa laftof ɗin ta riƙa kwaikwayon tsohuwar ƙwaƙwalwa, kada ta yarda da wani umarni da ta Baba ba za ta gane ba. In na shiga sashen nan, kamar ina zaune a zauren ne. Launin sikirin ɗaya, jinkirin ɗaya, har da sunan da ya raɗa wa kwamfutar. Aikin da a da yake ɗaukar awa guda ya koma cin yini. Sai in ba da umarni da safe, in rufe laftof ɗin rabi in tura ta ƙarƙashin tebur, in je in yi ta zaro wa mutane takardu daga firinta, in dawo in leƙa. Manhajoji goma sha ɗaya na haɗa, ɗaya bayan ɗaya, kowace sai ta gaba da ita ta gama. Na naɗe su cikin ƙunshi ɗaya, na rubuta ɗan umarnin da zai saka su bi da bi ba tare da an nemi komai daga waje ba. Sannan na goge sashen, na sake zuba sabon kwafi, na gwada ƙunshin kamar yau na fara ganin sa. Na yi haka sau uku.

Wata Alhamis da yamma muryar ta yi magana a cikin kwafin kwamfutar Baba. Siririyar murya ce, ta hanci, kamar Bature mai mura. Na buga mata layi, ta karanta. Na buga wani, ta karanta. Dariya ta kuɓuce mini, na waiwaya in ga wa ya ji, sai kujeru. Na fita na sayi iyafis mai doguwar waya, don Baba ya riƙa sawa a kunne ɗaya a ƙarƙashin rawani, ba mai ji sai shi. Na saka shi a aljihun gaba tare da filashin.

Shirina a bayyane yake. In isa, in shiga cikin gida, in jira azahar, in tura ƙofa. Amma ranar Asabar ɗoki ya sa na yi sammako, na iso da hantsi zaure a cike. Mutum huɗu a benci, ga kuma aminin Baba a kan buzu, wani dattijo dillalin shanu da muke ce wa Baffa, wanda tun ina yaro bai taɓa ganina ya ƙyale ni ba. Baba yana kan kujerarsa, ya gama buga wa wani magidanci daga Kausani takardar neman a mayar da shi aikin gadi, saura a fitar a firinta.

Na durƙusa na gaishe su. Aka yi ta gaisuwa, ya hanya, ya aiki, ya mutanen Wudil, ya aka ji da zafi. Da aka gama sai Baffa ya gyara zama.

"Injiniya, sannu da zarya. Wata biyu ke nan kana zuwa da ɗan abin nan kamar ƙwallon dabino, ka tsikara, ka zare, ka hau babur. Anya kuwa? Mai gyaran waya a bakin tasha kafin ka sha ruwa ya gama. Ko dai karatun naku a takarda ya tsaya?"

Aka yi dariya. Ba da mugunta ba, wasa ne irin wanda ya saba. Amma ni ranar ba ni da wurin ajiye wasa. Wata biyu ina cin wahalar da ba wanda ya gani, ga shi yau abin yana aljihuna, ga kuma mutane a zaune.

Baba ya ce, "Kai, shiga ka gaida innarka tukuna."

Na ji, na kuma gane abin da yake nufi. Ba zan yi wa kaina ƙarya in ce ban gane ba.

Na ce, "Minti biyar ne, Baba."

Ba shi da hanyar hana ni a gaban mutane ba tare da ya faɗi dalili ba. Ya ja kujerarsa gefe. Na saka filashi. Guda goma sha ɗayan nan suka shiga bi da bi, ba wadda ta yi tari. Iyafis yana aljihuna, ina jin sa a ƙirjina. Na miƙa hannu na murɗa lasifika.

Muryar ta fara karanta takardar da ke kan sikirin. Wani ya ce, "Ikon Allah." Baffa ya saki baki yana kallon akwatin da ke ƙarƙashin tebur. Na tsaya a gefe na harɗe hannu, ina jin daɗin da na daɗe ban ji irinsa ba. Ta karanta adireshi, ta karanta gaisuwa, ta karanta layi uku na roƙo. A na huɗu sai ta rikice. Ta fara furta haruffa ɗai-ɗai, da wasu sautuka marasa kan gado, ba ta sauri, ba ta jin kunya, har ƙarshen layin.

Mai takardar bai iya Turanci ba, amma kunnensa ya ji bambanci. Ya ce, "To, wannan kuma wane yare ta shiga?"

Baffa ya ce, "Ai ka ji, ta Injiniya ta fara sambatu."

Ban yi tunani ba. Abin da kawai na ji shi ne za a ɗora wa aikina laifin da ba nasa ba. Na ce, "Ba ita ba ce, Baffa, abin da aka buga take karantawa. Amfaninta ke nan ai, tunda Baba ba ya ganin..."

Na tsaya, amma magana zarar bunu ce.

Baffa ya juya ya dubi amininsa, ya daɗe yana dubansa. Baba ya miƙa hannu kan tebur yana neman carbinsa, hannun ya wuce shi da kamar taƙi guda, ya dawo, ya sake wucewa. Baffa ya tashi daga kan buzu, ya tura carbin a hankali har ya taɓa yatsunsa, ya koma ya zauna.

Baba ya ce, "A gyara masa layin, a fitar masa da takardarsa."

Na gyara, na fitar. Mutumin ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya fiye da yadda ake yi, ya ce, "Allah ya ƙara lafiya, Malam." Sauran ukun kowa ya tuna da wani uzuri. Ɗaya ya ce tasa ba ta gaggawa ba ce. Baffa ne ya fita a ƙarshe, bai tsokane ni ba, bai ma dube ni ba.

Da muka rage mu biyu na durƙusa na ce, "Baba..."

Ya ce, "Nuna mini inda ake kunna ta da inda ake kashe ta."

Na ɗora yatsansa a kan maɓallan, ya gwada sau biyu ya riƙe. Na ciro iyafis na saka masa a tafin hannu, na yi masa bayanin amfaninsa. Ya shafa wayar tun daga kai har ƙarshe, ya naɗe ta, ya buɗe durowa ya ajiye. Ya ce, "Yanzu kuma ai ba a buƙatar sa."

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Bai yi ba, ranar ko bayanta. Na hau babur da la'asar na kamo hanyar Wudil, ban san lokacin da na haye gada ba. Ban taɓa jin na tsani kaina irin na ranar ba. Injin bai ci amanar kowa ba. Ni ne na sayar da asirin mahaifina don mutum biyar su ce na iya.

Ba wanda ya yi masa dariya a garin, ko mutum ɗaya. Kara ce ta kashe zauren. Kowa ya ce kada a wahalar da Malam, ya yi wa jama'a iya yinsa, a bar shi ya huta. Inna ta yi kuka, sannan ta yi fushin a ce a bakin maƙwabta ta ji. Mutane ba su daina zuwa ba, sai dai yanzu hannu rabbana suke zuwa, ko da ɗan goro, su ce ya jiki, su yi addu'a, su tashi. Baffa ya zagaya yana gaya musu cewa Malam yana bugu kamar da, har ma ya fi, tunda yanzu akwai mai duba masa. Suka ce haka ne, Allah ya saka, suka ci gaba da kai takardunsu Wudil. Na taɓa haɗuwa da wani ɗan garinmu a wani shagon buga takardu kusa da tasha, da fayil a hammata. Ya gan ni, na gan shi, kowa ya kau da kai.

Na ci gaba da zuwa duk Asabar, ko da yake ba abin da nake kawowa. Kullum ina fatan ya ce muryar ta tsaya, ko ta rikice, ko tana buƙatar wani abu, in samu abin da zan koma in yi masa.

Wata Asabar cikin damina na iso ana yayyafi. Tun daga waje na jiyo siririyar muryar. Na yi sallama na shiga. Benci ba kowa, an ɗora buhun taki a gefe guda. Baba yana kan kujerarsa da rawaninsa da babbar riga kamar kullum, yana sauraron wata tsohuwar takardar koke da ya buga shekaru da suka wuce. Ya kashe muryar, muka gaisa.

Na ce, "Baba, akwai abin da za a gyara a jikinta?"

"Babu. Tun da ka saka ta ba ta taɓa yin gardama ba. Ka yi aiki mai kyau."

Wata biyu na yi ina neman wanda zai faɗa mini wannan magana. Da ta zo, sai na ji kamar in fita waje in tsaya a cikin ruwan.

Ruwa yana sauka a kan kwano. Ya gyara kibod ɗin a gabansa, ya laluba ya ɗora yatsunsa a gidajensu. Sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Kai, ba ka da wata takarda da kake so a buga maka?"

Na fi shi saurin bugu nesa ba kusa ba, kuma a ɗakin da nake aiki firinta uku ne. Na ce, "Akwai, Baba. Ta neman hutu ce."

"To, zauna. Wa za a rubuta wa?"

Na ture buhun takin, na zauna a kan bencin, na fara faɗa masa.